DOKOKIN DA KE KARE MURYA DA KAMANNIN MUTUM DAGA KWAIKWAYON NA'URA MAI ƘWAƘWALWA

Gabatarwa

Tun kaka da kakanni, Bahaushe yana shaida mutum ne ta hanyar fuskarsa da muryarsa. Idan aka yi sallama a ƙofar gida cikin dare, maigida ba ya buƙatar fitila kafin ya san ko wane ne, domin kuwa murya ta riga ta gaya masa. Haka kuma idan gardama ta tashi a kan wani lamari, akan ce gani ya kori ji, magana ta ƙare. To, a wannan zamani an samu wata fasaha ta na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wadda ke iya ƙera muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, ko kuma ta ɗora fuskarsa a kan hoton bidiyo a gan shi yana aikata abin da bai taɓa aikatawa ba.

Wannan bayani an shirya shi ne domin wayar da kan al'ummar karkara, musamman mazauna Jangebe da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da shugabannin makarantu da sauran ma'aikatan ƙananan hukumomi. Za a bayyana yadda ake haɗa irin wannan jabun murya da jabun hoto, da irin ɓarnar da suka riga suka yi, da dokokin ƙasa da na jiha da ke kare wanda aka zalunta, da kuma matakan da ya kamata a ɗauka idan abin ya faru.

Yadda Ake Ƙera Jabun Murya Da Jabun Hoto

Fasahar da ake kira ƙirƙirarriyar basira tana aiki ne ta hanyar koyo daga misalai. Akan loda wa na'ura dubban sa'o'i na maganganun mutane daban-daban har ta gane yadda sautin ɗan Adam yake hawa da sauka. Bayan haka, idan aka ba ta ɗan guntun maganar wani mutum guda, sai ta ɗauki amon muryarsa da saurin maganarsa da yadda yake jan numfashi. Daga nan duk abin da aka rubuta mata, za ta karanta shi da muryar wannan mutum. Haka abin yake a ɓangaren hoto: ana ba ta hotunan fuskar mutum, ita kuma ta ɗora fuskar a jikin wani, ko ta motsa leɓɓansa su dace da maganar da aka ƙirƙira.

A da, wannan aiki yana buƙatar ƙwararru da manyan na'urori. Amma a watan Janairu na 2023 kamfanin Microsoft ya bayyana wata manhaja da ya ce tana iya kwaikwayon murya daga magana ta daƙiƙa 3 kacal, sannan a watan Maris na 2024 kamfanin OpenAI ya bayyana tasa wadda ke buƙatar daƙiƙa 15. Ma'anar wannan ita ce, saƙon murya guda ɗaya da mutum ya aika ta WhatsApp, ko jawabin da ya yi wurin ɗaurin aure wani ya ɗauka da waya, ya isa a yi aiki da shi. Wannan ya shafi mutanen karkara ƙwarai, domin kuwa da yawa daga cikin manoma da 'yan kasuwa da matan aure sun fi dogara da saƙon murya a kan rubutu.

Ya kamata a bambance wannan da kwaikwayon da ɗan wasan barkwanci yake yi a dandali. Shi ɗan wasa kowa yana ganinsa, kowa ya san raha ake yi. Jabun na'ura kuwa an yi shi ne domin mai saurare ya ɗauka cewa mai muryar ne da kansa yake magana.

Ɓarnar Da Aka Riga Aka Gani

A nan gida Nijeriya, ana jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu 2023, wata murya ta bazu a wayoyin jama'a wadda aka ce ta Alhaji Atiku Abubakar ce tare da Aminu Waziri Tambuwal, gwamnan Sakkwato na wancan lokaci, da Ifeanyi Okowa, gwamnan Delta na wancan lokaci, wai suna shirya maguɗin zaɓe. Masu bin diddigin labarai da suka binciki muryar sun bayyana cewa haɗa ta aka yi, amma kafin bayaninsu ya fito, ta riga ta shiga kunnuwan ɗimbin jama'a. Har ila yau, an sha yaɗa bidiyon bogi a Facebook da ke nuna Alhaji Aliko Ɗangote ko wasu sanannun masu karanta labarai a talabijin suna kiran mutane su zuba kuɗi a wata harkar riba, alhali ba su san da zancen ba.

A ƙasashen waje ma labarin ɗaya ne. A 2019 an yaudari shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila da muryar da ya ɗauka ta ubangidansa ce, ya tura Yuro 220,000. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo da mutanen da ya ga kamar shugabanninsa ne, ya tura kimanin Dala miliyan 25, daga baya ta bayyana cewa dukkan fuskokin da ya gani na jabu ne. A watan Yuni na 2023 kuma, wata uwa daga jihar Arizona ta ba da shaida a gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka cewa an kira ta a waya ta ji muryar 'yarta mai shekara 15 tana kuka, wani ƙato yana neman kuɗin fansa Dala miliyan 1, alhali yarinyar tana nan lafiya ƙalau, babu wanda ya taɓa ta.

Wannan misali na ƙarshe shi ne ya fi kusa da mu. Mutanen Jangebe ba za su manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke garin, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A yankin da satar mutane ta zama abin da aka gani da ido, duk uban da ya ji muryar ɗansa a waya yana kuka ba zai tsaya dogon tunani ba. Zai sayar da hatsi da shanu, ko ya jinginar da gonarsa ta Bakolori, domin ya ceci ɗansa. Mazambaci ya san da haka. Ba ya buƙatar bindiga ko daji, guntun saƙon murya da lambar waya sun ishe shi.

Tsarin Mulki Da Dokar Kare Bayanan Jama'a

Kariyar da ɗan Nijeriya yake da ita a wannan fanni ba a cikin kundi guda take ba, tana warwatse ne a cikin dokoki daban-daban. Tushensu duka shi ne Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 34 ya ba kowane mutum haƙƙin a mutunta darajarsa, sashe na 37 kuma ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Sashe na 46 ya ba wanda aka keta wa irin wannan haƙƙi damar zuwa Babbar Kotu neman a bi masa kadi.

A kan wannan tushe ne aka kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2023. Dokar ta ɗauki hoton fuska da shaidar murya da zanen yatsu a matsayin bayanan halittar jiki, kuma idan aka sarrafa su domin gane wani mutum takamaimai, suna shiga cikin bayanai masu tsananin muhimmanci waɗanda aka ƙara wa tsaro. Ga kaɗan daga cikin abubuwan da ta tanada:

Na ɗaya, babu wanda zai sarrafa bayanan mutum sai da dalilin da doka ta amince da shi, kuma babba daga cikin dalilan shi ne yardar mai su. Sashe na 26 ya fayyace cewa shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya yi amfani da bayanan shi ne zai kawo hujjar cewa an yarje masa.

Na biyu, mutum yana da ikon janye yardarsa a duk lokacin da ya so, kuma yana da ikon neman a goge bayanansa.

Na uku, idan abin ya shafi yaro ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, sashe na 31 ya ce yardar iyaye ko waliyyi za a nema.

Na huɗu, wanda aka cuta zai iya kai ƙara ga Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Ƙasa, wadda dokar ta kafa, kuma sashe na 51 ya ba shi damar neman diyya a kotu.

Hukumar tana da ikon cin tarar manyan masu riƙe da bayanai har Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ƙananan kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Ta kuma nuna cewa da gaske take: a watan Yuli na 2025 ta ci tarar kamfanin MultiChoice sama da Naira miliyan 766 a kan keta wannan doka. Sai dai a lura, wannan doka ta fi tasiri a kan kamfanoni da hukumomi da ƙungiyoyi waɗanda aka san inda suke. Shi kuwa ɓarawon da ke ɓoye a bayan waya, dokar da ke tafe ce ta fi dacewa da shi.

Dokar Laifukan Intanet

Dokar Hana Laifukan Intanet ta fara aiki ne a watan Mayu na 2015, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka kuma yi mata gyara a watan Fabrairu na 2024. Ko da yake an rubuta ta tun kafin wannan fasaha ta yaɗu, wasu sassanta sun yi daidai da laifin.

Sashe na 22 ya haramta yin sojan gona, wato mutum ya fito a matsayin wani, ko rayayye ko mamaci, da nufin samun wata riba, ko karɓar dukiya, ko jawo wa wani hasara, ko kuɓuta daga kamu. Hukuncinsa ɗauri ne da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 7 ba, ko duka biyun. Saboda haka wanda ya ƙera muryar hakimi ko ta shugaban ƙaramar hukuma ya ce a tara kuɗin taki a tura wani asusu, ya faɗa cikin wannan sashe. Sashe na 14 kuma ya shafi zamba ta hanyar na'ura, har da aika saƙon da ke ɗauke da ƙarya wanda ya sa wani ya yi hasara.

Sashe na 23 ya haramta hotunan batsa na ƙananan yara, kuma bai tsaya ga hoton gaske kaɗai ba, ya haɗa da hoton da aka ƙera ya yi kama da na gaske. Wanda ya haɗa irin wannan hoto ko ya rarraba shi yana fuskantar ɗaurin shekara 10, ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 20, ko duka biyun. Cewa ai na'ura ce ta zana, ba yarinyar ba ce, ba zai zama kariya ba.

Sashe na 24 shi ne aka fi gyarawa a 2024. A yanzu ya shafi aika saƙon batsa, da kuma aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin ta da zaune tsaye ko jefa rayuwa cikin haɗari. Hukuncinsa tara ce da ba ta wuce Naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Idan wani ya haɗa muryar wani shugaban al'umma yana kiran a far wa wata ƙabila ko wani ƙauye, wannan sashe ya hau kansa, haka ma wanda ya tura ta gaba alhali ya san ƙarya ce. Jami'an ƙananan hukumomi su lura cewa gyaran ya cire kalmomin da a da suke sa a kama mutum don kawai maganarsa ta ɓata wa wani rai. Suka da ƙorafi a kan aikin hukuma suna ƙarƙashin 'yancin faɗar albarkacin baki da sashe na 39 na Tsarin Mulki ya bayar. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraren shari'un da suka taso daga wannan doka, kuma tana da mazauni a Gusau.

Dokar Haƙƙin Mallaka Da Muryar Mawaƙa

Ƙasar Bakura da Maradun ita ce ta haifi Alhaji Musa Ɗankwairo, makaɗin fada wanda ya rasu a 1991, kuma har yau muryarsa ba ta bar gidajen rediyo ba. Da yake fayafayensa suna da yawa, ba abu ne mai wuya ba wani ya koya wa na'ura muryarsa, ya sa ta yi wa wani ɗan siyasa ko wata haja waƙar da marigayin bai taɓa yi ba. Wannan ya shafi kowane mawaƙi da mai wa'azi da mai shela da ɗan wasan kwaikwayo, domin muryarsu ita ce jarinsu.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mawallafin waƙa kariya tsawon rayuwarsa da kuma shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu, haƙƙin kuma yana komawa ga magada. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin da Ɗankwairo ya tsara suna cikin kariya har ƙarshen 2061. Faifan da aka naɗa da kuma wasan da mai wasa ya gabatar suna da kariyar shekara 50. Dokar ta kuma ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin intanet ya sauke abin da aka ɗora ba da izini ba, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da aiwatar da ita.

Amma akwai giɓin da ya kamata a sani. Wannan doka tana kare waƙar da aka tsara da faifan da aka naɗa ne, ba ta ambaci amon murya shi kaɗai a matsayin dukiya ba. Idan aka kwafi waƙar mutum ko aka yanki faifansa, hujja a fili take. Idan kuwa sabuwar waƙa ce aka ƙirƙira da irin muryarsa, mai ƙara zai fi samun ƙarfi idan ya haɗa da dokar sojan gona da ta kare bayanai da ta ɓata suna.

Dokokin Jiha: Ɓata Suna Da Ƙazafi

Kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960 jihohin Arewa kuma suka gada, ya haramta ɓata suna. Abin sha'awa shi ne, tun a wancan lokaci ya bayyana cewa ana ɓata suna da magana ta baki, ko wadda na'ura ta maimaita, ko rubutu, ko alama, ko hoto. Ya kuma haramta cuta ta hanyar shiga rigar wani. Don haka jabun murya da jabun bidiyo ba su fita daga da'irarsa ba.

Bugu da ƙari, Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kundin hukuncinta kuma ya fara aiki a watan Janairu na 2000. A cikinsa akwai laifin ƙazafi, wato jifar mutum kamili da zina ba tare da shaidun da Shari'a ta gindaya ba, wanda haddinsa bulala 80 ne. Duk wanda ya ɗora fuskar matar aure ko budurwa a kan hoton alfasha ya yaɗa shi, ya sani cewa ya buɗe wa kansa ƙofar tuhuma a gaban alƙali, kuma alƙali ne zai duba ko abin ya kai haddi ko kuwa ta'aziri ne ya dace. A ƙauye, irin wannan hoto guda ɗaya yana iya kashe aure, ko ya fasa baiko, ko ya raba yarinya da makaranta, tun kafin gaskiya ta yi halinta.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Wasu ƙasashe sun wuce nan, sun yi dokoki na musamman. Jihar Tennessee ta Amurka, wadda ta shahara da mawaƙa, ta kafa doka a watan Maris na 2024 da ta mayar da muryar mutum haƙƙinsa na mallaka kamar sunansa da hotonsa, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli na wannan shekara. A watan Mayu na 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa dokar da ta haramta yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, ko na gaske ko na jabu, ta kuma wajabta wa shafukan sada zumunta sauke shi cikin sa'o'i 48 bayan an kai ƙorafi.

Ƙasar Sin ta fara aiki da ƙa'idojinta ranar 10 ga Janairu 2023, inda ta wajabta neman yardar mai murya ko mai fuska da kuma sanya alama a kan abin da aka ƙera. A watan Afrilu na 2024 wata kotu a Beijing ta ba wata mai sana'ar karanta littattafai a faifai diyyar Yuan 250,000 saboda an kwaikwayi muryarta an sayar. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta tanadi cewa wanda ya fitar da irin wannan hoto ko murya ya bayyana cewa haɗawa aka yi. A Indiya kuwa, Babbar Kotun Delhi ta hana amfani da suna da hoto da muryar Amitabh Bachchan ba da izininsa ba a watan Nuwamba na 2022, ta kuma yi wa Anil Kapoor irin wannan a watan Satumba na 2023.

A Nijeriya, Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin aiki ga manyan shafukan sada zumunta a 2022, waɗanda suka buƙaci su gaggauta sauke hoton tsiraici ko na jabu da aka ɗora domin cin zarafin wani da zarar an kai musu ƙorafi.

Matakan Da Za A Ɗauka

Idan aka kira ka da muryar ɗan'uwanka ana neman kuɗi cikin gaggawa, kada ka tura komai tukuna. Ka kashe wayar, ka kira shi a lambar da ka saba, ko ka kira wanda yake tare da shi. Ka yi wa mai kiran tambayar da ɗan gida kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kaka take kiransa da shi. Yana da kyau kowane gida su ajiye wata kalma ta sirri a tsakaninsu domin irin wannan rana. Idan kuwa aka tabbatar mutumin ba ya inda ya kamata a same shi, a sanar da jami'an tsaro nan take.

Idan kuɗi sun riga sun fita, a garzaya banki ko a kira su a wannan sa'a domin a nemi tsare asusun da aka tura wa, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Rundunar 'Yan Sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, Hukumar EFCC kuma tana da ofishin shiyya a Sakkwato wanda ke kula da Zamfara.

Kada a goge saƙon don ɓacin rai ko kunya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da shaidar da ta fito daga na'ura, amma sai an nuna daga inda ta fito da yadda aka adana ta. A ajiye wayar da saƙon ya shigo, a rubuta lambar da ta aiko da rana da lokaci da lambar asusun da aka bayar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Idan hoto ko murya ta iso gare ka a kan wani, kada ka tura gaba. Motsin leɓe da bai dace da magana ba, da murya maras hawa da sauka, da Hausar da ba ta yi kama da karin harshen mai maganar ba, duk alamu ne, amma fasahar tana ƙara gogewa, don haka bincike daga tushe shi ne abin dogaro.

Nauyin Da Ke Kan Shugabanni Da Ma'aikata

Ofishin ƙaramar hukuma ko makaranta ko asibiti da ke tattara hotuna da lambobin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta jama'a, shi ma mai riƙe da bayanai ne a idon doka. Jerin sunayen masu karɓar taki ko tallafi da hotunansu ba abin watsawa a zaurukan WhatsApp ba ne. Shugabannin makarantu su nemi yardar iyaye kafin a ɗora hoton ɗalibi a intanet. Hotunan ɗaliban Jangebe da kafofin watsa labarai na duniya suka ɗauka a 2021 suna nan a intanet; waɗannan 'ya'ya sun girma, wasu suna karatu wasu suna gidajen aurensu, kuma doka tana kare fuskokinsu daga duk mai son yin wasa da su ko neman kuɗi da sunansu.

Haka nan, ya dace hakimai da dagatai su sanar da talakawansu hanya guda da aka sani ta isar da sanarwa, ko ta mai shela, ko ta masallacin Juma'a, ko ta rediyo, su kuma jaddada cewa ba a karɓar kuɗin hukuma ta asusun wani mutum bisa umurnin saƙon murya. Ma'aji ko akawu da ya ji muryar shugabansa a waya tana cewa a fitar da kuɗi, ya jira takarda mai sa hannu. Idan aka kawo ƙarar wani a fada bisa hujjar murya ko bidiyo, kada a yanke masa hukunci ko a bari matasa su ɗauki doka a hannunsu. A saurare shi, a miƙa lamarin ga hukuma. Ta ɗaya ɓangaren kuma, samuwar wannan fasaha ba ta wanke mai laifin da zai ce muryarsa ta gaske jabu ce; kotu ce mai tantancewa.

Kammalawa

Muryar mutum da fuskarsa haƙƙinsa ne, ko sarki ne ko talaka, ko yana birni ko yana ruga. Tsarin Mulki da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da Dokar Laifukan Intanet da Dokar Haƙƙin Mallaka da dokokin jiha duk sun ba wanda aka zalunta ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai dai shari'a tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma kuɗin da suka fita ko mutuncin da ya zube ba kullum suke dawowa ba. Saboda haka ana kira ga waɗanda suka karanta wannan bayani da su isar da shi ga waɗanda ba su samu karantawa ba, a majalisu da kasuwanni da makarantun Islamiyya da cikin gidaje, musamman ga dattawa da mata, waɗanda mazambata suka fi hari. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ba Jihar Zamfara da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya.